Likitan Indiya a Ƙauyukan Kwal na Wales: Waiwaye Kan Zaman da Aiki Ya Ƙulla

Tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da tsakiyar shekarun 1970, dubban likitocin da suka yi karatu a Indiya da Pakistan da Siri Lanka sun shiga Birtaniya, kuma da yawansu sun ƙare rayuwar aikinsu a wuraren da likitoci 'yan ƙasa ke gudu, wato unguwannin talakawa na manyan birane da ƙauyukan ma'aikata da ke nesa da cibiyoyin ilimi. Babu inda wannan lamari ya fito fili kamar kwarurukan Kudancin Wales, irin su Rhondda da Cynon da Rhymney, inda ƙauyukan masu haƙar kwal suka jeru a gindin tsaunuka, har ta kai a farkon shekarun 2000 kusan kashi uku bisa huɗu na likitocin iyali a Rhondda 'yan asalin Kudancin Asiya ne. Mutanen ƙauyukan ba su cika bambancewa tsakanin wanda ya fito daga Kalkata da wanda ya fito daga Lahore ko Dhaka ba, duk suna kiran su likitocin Indiya, kuma da wannan suna ne tarihin yankin ya riƙe su.

Akan ba da labarin waɗannan likitoci a matsayin labarin baƙo mai haƙuri da mutanen gari masu karamci, kamar yadda wasan kwaikwayon talabijin na BBC mai suna The Indian Doctor, wanda aka fara nunawa a 2010, ya zana shi a wani ƙauyen Wales na ƙirƙira a shekarar 1963. Akwai gaskiya a cikin wannan zane, amma wanda ya dubi lamarin daga nesa zai ga cewa abin da ya ɗaure likitan da ƙauyen ya fi halin kirki nauyi: fasalin aikin ne kansa, wanda ya tilasta wa mutum guda ya ɗauki lafiyar dubban mutane dare da rana har tsawon shekaru talatin, ya mayar da baƙon ɗan gari. Da fasalin aikin ya sauya, irin wannan zama ma ya wuce.

Yadda hanya ta buɗe

Tushen tafiyar yana cikin mulkin mallaka. A 1835 aka kafa kwalejin koyon likitanci a Kalkata da kuma makarantar likitanci a Madras, sannan Kwalejin Grant ta Bombai ta biyo a 1845, kuma dukkansu da Turanci suke koyarwa, da littattafan Ingila, bisa tsarin asibitocin Landan da Edinburgh. Majalisar Likitoci ta Birtaniya, wadda ake kira GMC, ita ce ke riƙe da rajistar waɗanda aka yarda su yi aikin likita a ƙasar, kuma ta daɗe tana amincewa da takardun shaidar yawancin waɗannan kwalejoji. Saboda haka matashin da ya gama karatu a Patna ko Amritsar ya san sunayen magungunan Ingila da dokokin asibitinta tun kafin ya taka ƙasar, kuma ya taso da imanin cewa ilimin likita bai cika ba sai da shaidar ɗaya daga cikin kwalejojin sarauta na ƙwararru, wato takardun da ake kira MRCP ga likitocin cututtukan cikin jiki da FRCS ga masu tiyata.

A ɗaya gefen kuma Birtaniya ta shiga ƙarancin likitoci da hannunta. An kafa Hukumar Kiwon Lafiya ta Ƙasa, NHS, ranar 5 ga Yuli 1948, wadda ta ba kowane mazaunin ƙasar damar ganin likita ba tare da biyan kuɗi a wurin ba, buƙata ta ƙaru fiye da yadda aka zata, amma a 1957 kwamitin Willink ya yi hasashen cewa likitoci za su yi yawa, ya ba da shawarar a rage ɗaliban da ake ɗauka da kusan kashi 10 cikin ɗari. A daidai wannan lokaci likitoci 'yan ƙasa suna ta ƙaura zuwa Kanada da Ostareliya da Amurka, inda albashi ya fi tsoka. Kafin rahoton Todd na 1968 ya nemi a faɗaɗa makarantun likitanci, giɓin ya riga ya yi faɗi, kuma ba a horar da likita a shekara guda. Akan jingina kiran likitocin Indiya ga Enoch Powell, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1960 zuwa 1963, sai dai kwararar ta fara tun kafin zuwansa, ta kuma ci gaba bayan tafiyarsa, har ma dokar shige da fice ta 1962, wadda ta taƙaita shigar 'yan ƙasashe renon Ingila, ta bar wa masu sana'o'in da ake buƙata ƙofa ta hanyar takardar izinin aiki.

Kusan babu wanda ya zo da niyyar zama. Dokar canjin kuɗi ta Indiya a wancan zamani ba ta barin matafiyi ya fita da abin da ya wuce fam 3, don haka matashin likita kan sauka a Landan da akwati ɗaya da adireshin wani abokin karatu, da shirin ya yi shekara uku ko huɗu, ya ci jarrabawa, ya koma gida ya zama babban likita. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, kuma haka waɗannan matasa suka ɗauki kansu. Abin da suka tarar shi ne tsani mai hawa biyu: manyan asibitocin koyarwa, inda ake samun horon da ke kai mutum ga muƙamin ƙwararre, sun fi karkata ga ɗalibansu, baƙi kuwa aka bar musu ƙananan asibitocin lardi da fannonin da ba a rububinsu, kamar kula da tsofaffi da masu taɓin hankali. Wanda ya yi shekara shida yana yawo daga wannan aikin wata shida zuwa wancan, ga mata ga 'ya'ya, ga kunyar komawa gida ba tare da takardar da ya fito nema ba, shi ne wanda a ƙarshe ya amsa tallar neman likitan iyali a wani ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba.

Ƙauyen da ya tarar

Likitan iyali, wanda Turawan Birtaniya ke kira GP, shi ne ƙofar farko ta tsarin lafiyar ƙasar: a wancan zamani kowane mutum yana da rajista a wurin likita guda, shi ke duba shi a kan kowace irin larura, kuma sai da takardarsa ake ganin ƙwararre a asibiti. A lokacin ba ma'aikacin albashi ba ne kai tsaye, ɗan kwangila ne da ake biya bisa yawan mutanen da ke cikin rajistarsa, waɗanda doka ta yarda su kai 3,500 ga likita ɗaya. A shekarun 1950 da farkon 1960 wannan reshe ba shi da daraja a idon likitoci, kuma rahoton da Joseph Collings ya wallafa a mujallar Lancet a 1950 ya bayyana munin halin da ɗakunan duba marasa lafiya ke ciki a yankunan masana'antu. A wancan lokaci akwai kuma wani kwamiti na ƙasa da ke rufe yankunan da likitoci suka wadata a cikinsu, ya buɗe waɗanda ke da ƙaranci, ta yadda baƙon da ƙungiyoyin likitocin garuruwa masu arziki suka ƙi ɗauka a matsayin abokin tarayya ba shi da zaɓi sai inda ba mai nema.

Ƙauyen kwal na Wales ba ƙauyen noma ba ne, ko da yake tumaki kan sauko daga tsauni su yi ta yawo a tituna. Gidaje ne na dutse a manne da juna, layi bisa layi a jikin gangare, ramin kwal a ƙasa, tulin sharar kwal a sama, sai majami'u da yawa da zauren ma'aikata mai ɗakin karatu da kulob da filin wasan rugbi. A 1913, lokacin da harkar ta kai ƙololuwa, yankin ya haƙo kimanin tan miliyan 57 da hannun mutane sama da 230,000, amma a lokacin da likitocin Indiya suka iso, bayan gwamnati ta karɓi ramukan a 1947, an riga an fara rufe su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen kuwa ba baƙin likita ba ne, kuma ba masu sunkuyar da kai gabansa ba ne. Tun ƙarni na 19 ma'aikata ke yanke 'yan kuɗi daga albashinsu suna ɗaukar likitoci haya ta hanyar ƙungiyoyin taimakon jinya, mafi shahara a cikinsu ita ce ta garin Tredegar, mahaifar Aneurin Bevan, ministan da ya kafa NHS. A can ne marubuci A. J. Cronin, ɗan Scotland, ya yi aikin likita kafin ya rubuta littafinsa The Citadel a 1937. Ke nan kwarurukan sun saba da likitan da ya zo daga wani wuri, daga Scotland ko Ireland, sun kuma saba da ɗaukarsa a matsayin wanda jama'a ke da haƙƙi a kansa. Wannan al'ada ta sauƙaƙa wa ɗan Indiya shiga, domin ma'aunin da aka san shi da shi tun da can shi ne ko yana zuwa idan an kira shi.

Akwai kuma abin da ya tsananta shigar. A farkon 1962 cutar agana ta ɓarke a Kudancin Wales bayan isowar wani matafiyi daga Pakistan, mutum 19 suka rasu, aka yi wa kimanin 900,000 rigakafi, kuma Rhondda na cikin wuraren da abin ya shafa. Likitan da ya sauka a shekarun da suka biyo baya ya shigo cikin jama'ar da ba ta daɗe da danganta ƙasarsa da annoba ba.

Aikin yini da na dare

Ɗakin duba marasa lafiya sau da yawa falon gidan likitan ne, ko wani tsohon shago da aka raba da katako, inda mai jira ke iya jin abin da ake faɗa a ciki. Ba a ba da lokaci, kowa ya zo ya zauna a benci ya lura da wanda ya riga shi, a yi zaman safe, a yi na yamma, tsakaninsu kuma likita ya ɗauki jaka ya bi gidaje. Tarihin lafiyar kowane mutum yana cikin wata 'yar ambulan ta kwali mai ruwan ƙasa, wadda ake kira da sunan Lloyd George saboda ta samo asali daga tsarin inshorar da ya kawo a 1911, kuma sabon likita kan gaji ɗaruruwan irinta cike da rubutun magabacinsa da ba ya karantuwa. Mafi nauyi duka shi ne sharaɗin kwangila cewa likita ne ke da alhakin mutanensa awa 24 a kowace rana ta shekara, idan kuma yana son hutu sai ya nemo wanda zai riƙe masa, ya biya shi daga aljihunsa.

Matsalar farko ita ce ta kunne. Turancin da likitan ya koya na littafi ne da na ɗakin lacca, na ƙauyen kuwa yana tafe da karin harshen Welsh da saurin magana da zaurance kan al'aura da ciki da mutuwa, tsofaffi kuma, musamman a yammacin yankin, kan koma harshensu na Welsh idan ciwo ya yi tsanani. Su ma mutanen sai da suka koyi jin nasa lafazin, suka kuma gutsure sunansa ya zama gaɓa ɗaya ko harafi ɗaya, kamar yadda suka saba laƙaba wa junansu sunaye saboda yawan masu suna Jones da Davies da Evans. A nan ma'aikaciyar jinya ta gunduma da ungozoma da matar da ke karɓar marasa lafiya suka zama malamansa, domin su suka san wace ce 'yar wa, wane gida ne ba ya kiran likita sai abu ya ɓaci, wane ne kuma ke kira saboda kaɗaici.

Matsala ta biyu ita ce cututtukan da bai saba da su ba. Ya zo da ƙwarewa a kan zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka da karɓar haihuwa mai wuya, abin da ya ba shi saurin hannu da rashin tsoron aiki ba kayan aiki, amma a ƙauyen kwal cutar da ke sarauta ita ce wadda mutane ke kira ƙura kawai, wato taruwar ƙurar kwal a huhu har ya yi tauri ya kasa jan iska. An kafa sashen binciken wannan cuta a asibitin Llandough kusa da Cardiff a 1945, kuma daga 1950 Archie Cochrane ya jagoranci ɗaukar hoton ƙirjin mafi yawan mazauna Rhondda Fach, aikin da ya zama ginshiƙi a ilimin yaɗuwar cututtuka. Likitan iyali shi ke ganin ƙarshen lamarin a cikin gida: gadon da aka sauko da shi falo saboda maigida ba ya iya hawa bene, tukunyar iska a gefensa, mutum ɗan shekara hamsin da ke tsayawa sau biyu kafin ya gama jimla, hannuwansa da goshinsa ɗauke da shuɗɗan tabo na raunukan da suka warke da ƙurar kwal a ciki. Ga haɗarin rami kuma, kamar fashewar da ta kashe mutum 31 a ramin Cambrian a 1965, da zaftarewar tulin shara a Aberfan ranar 21 ga Oktoba 1966, wadda ta kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara, ta bar wa likitocin yankin jinyar zukata ta shekaru.

A irin wannan wuri alƙalamin likita yana da nauyin da bai da shi a asibiti. Takardar shaidar rashin lafiya ita ce ke raba iyali da yunwa idan maigida ya kasa sauka rami, kuma rahoton likita na iya taimaka wa mai neman diyyar ƙura a gaban kwamitin da ke auna yawan lahanin da aka yi masa. Mutane suna lura da ɓangaren da likita ke tsayawa, na ma'aikaci ko na hukumar kwal, kuma hukuncin da suka yanke a kansa kan zagaya kulob da majami'a kafin mako ya ƙare. Baƙon da ya cika takardun diyya da kyau, ya hau gangare cikin dusar ƙanƙara da ƙarfe uku na dare don yaro mai shessheƙa, ya kuma tsaya a bakin kabari ranar jana'iza, ya sami wani matsayi da launin fata bai iya hana shi ba. Julian Tudor Hart, likitan ƙauyen Glyncorrwg, ya bayyana a Lancet a 1971 cewa kulawar likita mai kyau takan yi ƙaranci a daidai inda aka fi buƙatarta, kuma likitocin Kudancin Asiya su ne suka zauna a wannan gefen da ke da ƙarancin, suka hana wannan ƙa'ida ta kai matuƙarta.

Gida da iyakar karɓa

Nauyin sabo ya fi sauka a kan matar likita. Da yawansu 'yan birni ne masu digiri, wasu ma likitoci ne da suka yi aiki tare da mazajensu ko suka riƙe asibitocin mata da yara, sun taso a gidaje masu 'yan aiki da dangi a kowane ɗaki, sai ga su a gidan dutse mai sanyi suna koyon hura wutar kwal. Tun da babu wayar hannu, dole wani ya zauna kusa da wayar gida duk lokacin da likita ya fita, ya rubuta saƙo, ya san gidan da za a same shi, kuma wannan aiki marar albashi ya ɗaure mata da yawa a gida shekara da shekaru. Kayan yaji da shinkafa da wake irin na gida sai an je Cardiff, inda unguwar tashar jiragen ruwa ta Butetown ke da tsofaffin al'ummomin Yaman da Somaliya da masallacinsu, ko kuma a jira wanda zai zo daga Birmingham ko Landan. Iyalan likitocin kwari guda kan haɗu a ƙarshen mako a gidan ɗayansu, Hindu da Musulmi da Sikh, su yi Diwali da Sallah tare, abin da rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta sa ya yi wuya a ƙasashensu.

Karɓar da ƙauye ya yi musu tana da iyaka, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. Akwai waɗanda suka janye rajistarsu da jin an kawo baƙar fata, akwai 'ya'yan likita da suka sha zagi a makaranta su kaɗai a aji, kuma jawabin da Powell ya yi a Birmingham a watan Afrilu 1968 kan baƙi ya sami masu tafa masa a cikin ma'aikata. Girman da ake ba likita na kujerarsa ne, ba lalle ya kai ga ɗan ƙasarsu mai shago ko mai aikin masana'anta ba. Sai dai shaidun da masana suka tattara, ciki har da littafin Julian Simpson na 2018 mai suna Migrant Architects of the NHS, sun nuna cewa wariyar da ta fi yi musu ciwo daga abokan sana'a ta fito. A 1972 GMC ta daina amincewa kai tsaye da takardun Pakistan, a 1975 ta yi haka ga na Indiya, aka kuma ƙirƙiro jarrabawar harshe da ƙwarewa wadda daga baya ta zama PLAB, a wannan shekarar kuma likitocin ƙetare suka kafa ƙungiyarsu don kare kansu. A 1993 Aneez Esmail da Sam Everington suka aika wa asibitoci takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, wasu da sunayen Turawa wasu da na Asiya, suka gano cewa masu sunan Turawa sun ninka sauran wajen samun kiran ganawa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa likitan da ya ji ana yi masa kallon na biyu a taron likitoci ya fi sakewa a falon mai haƙar kwal, wanda shi ma ya san yadda ake raina mutum saboda lafazinsa da inda ya fito.

Ƙauyen ya sauya a ƙarƙashinsa

Yarjejeniyar likitocin iyali ta 1966 ta kawo sauƙi, domin gwamnati ta fara mayar wa likita kuɗin haya da kashi 70 cikin ɗari na albashin ma'aikatansa, ta kuma buɗe hanyar rancen gina ɗakin duba marasa lafiya na zamani, kuma da wannan dama likitocin Indiya da yawa suka fitar da aikinsu daga falo, suka ɗauki ma'aikatan jinya, suka buɗe zaman awon ciki da na hawan jini da ciwon suga. Amma a daidai lokacin da likitan ya gama sanin ƙauyen, ƙauyen ya fara rushewa. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ya ƙare da shan kaye, ramin Maerdy, na ƙarshe a Rhondda, ya rufe a watan Disamba 1990, ramin Tower kuma, wanda ma'aikata suka saya da kuɗin sallamarsu suka sake buɗewa a 1995, ya tsaya a 2008. Majami'u suka koma shaguna ko kufai, matasa suka bi aiki zuwa Cardiff da Ingila, cututtukan da ke zuwa gaban likita suka koma na zaman banza: ciwon damuwa, shaye-shaye, ƙiba, ciwon zuciya, da dogon zama bisa kuɗin tallafin marasa lafiya.

A wannan yanayi matsayin likitan ya juya. Manajan rami ya tafi, limamin majami'a ya tafi, shugaban reshen ƙungiyar ƙwadago ya rasa mabiya, sai ya zamana mutumin da aka haifa a Bihar ko Punjab yana cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka san kowane gida tun daga kaka har jika, wanda ya sa hannu a takardar mutuwar kakan, ya yi wa uwar awon ciki, yanzu kuma yake sauraron jikan da bai taɓa samun aiki ba. Komawa gida kuwa ta daina zama zance, domin iyayen da za a koma wa sun rasu, abokan karatu sun zama manyan likitoci a biranen da suka canza kama, 'ya'ya kuma sun tashi da lafazin kwari, da yawansu sun karanci likitanci, amma kaɗan ne suka so gadon ɗakin uba da kiran dare.

Abin da ritayarsu ta tona

Tun a ƙarshen shekarun 1990 masu bincike suka yi gargaɗin cewa tun da waɗannan likitoci sa'o'in juna ne, za su yi ritaya kusan a lokaci guda, kuma yankunan da suka fi talauci ne za su fi jin jiki. Haka aka yi. Wasu sun ci gaba da aiki har bayan shekara saba'in don rashin magaji, wasu ɗakunan aka haɗe su da na maƙwabta, wasu kuma hukumomin lafiya suka karɓe su suna tafiyar da su da likitocin wucin gadi. Kwangilar 2004 ta ba likitocin iyali damar sauke alhakin dare da ƙarshen mako, aikin likita shi kaɗai ya zama abin da hukuma ba ta ƙarfafawa, kuma ba za a ce wannan kuskure ba ne, domin tsohon tsari ya ci lafiyar likitoci da ta iyalansu, ya kuma bar mutum yana aiki shekaru ba mai duba ingancin abin da yake yi. Duk da haka, wahalar da aka kawar ita ce ta haifar da kusancin da ake yabo, kuma juriyar mutum ɗaya ta rufe wa gwamnatoci ido tsawon shekaru talatin daga gaskiyar cewa ba su taɓa warware matsalar samar wa ƙauyen kwal likita ba.

Mai karatu a Arewacin Nijeriya ba baƙon wannan labari ba ne, domin a shekarun 1970 da farkon 1980 asibitocin gwamnati da makarantun sakandare na jihohin Arewa sun dogara ƙwarai da likitoci da malamai daga Indiya da Pakistan da Masar, waɗanda yawancinsu suka tafi da darajar naira ta faɗi, tun da kwangila ce ta kawo su, ba rajistar iyalai ta ɗaure su ba. A yau kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi tura wa Birtaniya likitoci tare da Indiya da Pakistan, suna rubuta jarrabawar PLAB ɗin nan, kuma da yawansu horon likitan iyali ke kai su garuruwan da 'yan ƙasa ba su rububi. Kusan kowane ɗayansu, kamar magabacinsa na 1965, al'ummar da ta fi Birtaniya ƙarancin likitoci ce ta ɗauki nauyin karatunsa. Bambancin shi ne sabon likitan zai shiga ƙungiya mai likitoci da yawa, ya duba mutane ta waya da kwamfuta, ya zauna a birni ya riƙa zuwa da mota, ya yi magana da mahaifiyarsa ta bidiyo kowace yamma, kuma yana iya wucewa Kanada ko Ostareliya bayan 'yan shekaru. Rayuwarsa za ta fi sauƙi, kaɗaicinsa zai ragu, amma tambayar da ƙauyen ya yi ta jingina wa baƙi tun shekarun 1960, wato wa zai zauna ya san mutanen nan tsawon rayuwarsu, ta koma hannun masu tsara manufofin lafiya, inda ya kamata ta kasance tun farko.